Yadda ake ƙara wa tuba bawul na huɗu

Duk wanda ya taɓa riƙe tuba, wato babban ƙahon tagulla mai kaurin murya, a layin baya na 'yan badujala, ko a fareti a Dandalin Murtala ko a ƙungiyar busa ta wata coci a Sabon Tasha, ya san wannan takaicin. Ka danna bawul na 1 da na 3 tare, muryar ta haye sama da inda ya kamata, mai ba da hannu ya juyo ya galla maka harara. Ka haɗa da na 2, abin ya ƙara ɓaci. Sau da yawa ba leɓenka ne ya gaza ba, bututun ne bai kai ba. Yawancin tubar da ake kawo mini gyara masu bawul uku ne, kuma kukan masu su iri ɗaya ne.

Sai ka fahimci lissafin kafin ka taɓa zarto, domin aikin nan awo ne ya fi yawa a cikinsa, wutar kaɗan ce. Tuba mai muryar B♭, babbar, in aka miƙe ta za ta kai kusan mita 5.5. Kowane bawul ƙarin hanya yake buɗe wa iska don murya ta sauka. Na 2 yana sauke rabin taku (taku shi ne tazarar murya daga do zuwa re), da bututu kusan santimita 33. Na 1 taku guda, kusan santimita 67. Na 3 taku ɗaya da rabi, kusan santimita 104. To amma kowannensu an yanka shi ne daidai da tsawon kayan in babu wani bawul a danne. Da zarar ka danna na 3, kayan ya ƙara tsawo, sai na 1 ya yi masa kaɗan. Don sauke taku biyu da rabi ana bukatar kashi ɗaya bisa uku na tsawon kayan, wato kusan santimita 184, alhali 1 da 3 a haɗe 171 suke bayarwa. Ga giɓin santimita 13. In ka danna ukun duka kuwa kana da 204 a inda ake neman 228, muryar kan haura da fiye da rabin rabin taku. Bawul na huɗu bututu ne guda da aka yanka daidai wannan taku biyu da rabi, ya maye gurbin 1 da 3, sannan 2 da 4 su maye gurbin ukun.

Ba sabon abu ba ne. Tubar farko da Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi wa rajista a Berlin ta Jamus a 1835 bawul biyar gare ta. Araha da sauƙin ɗauka a fareti ne suka sa aka yawaita masu uku.

Fara da duba ko kayan ya cancanci wahalar

Zaro silaid na bawul na 1, wato lanƙwasasshen bututun nan da ake ja, ba tare da ka danna bawul ɗin ba. In ka ji "fuf" mai ƙarfi lokacin da ya fita, fistin yana riƙe iska. In ya fito shiru kamar an zare cokali daga koko, bawul ɗin ya cinye, yana yoyo. Gwada sauran biyun haka. Ƙara sabon bawul a kan uku masu yoyo ɗinkin sabon ƙyalle ne a ruɓaɓɓiyar riga. Sannan ka bi bututun baki da ido. In ka ga ɗigo-ɗigo masu launin ja-ja, tagullar ta fara ruɓewa daga ciki, kuma wurin zai huje da ya ji zafi. Irin wannan a fara sauya bututun tukuna.

Ka kuma dubi kalanda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka buɗe kayan ƙungiya saura mako biyu Kirsimeti ko faretin 1 ga Oktoba. Ka ba kanka wata guda.

Samun bawul ɗin

Nan ne rabin aikin. Ba a ƙera bawul a gida, domin tazarar da ke tsakanin fistin, wato sandar da ke motsi a cikinsa, da gidansa ba ta kai kaurin gashi ba. Ciro shi ake yi daga wata matacciyar tuba, ko a saya daga waje. Ka zaga ɗakunan ajiya na tsofaffin ƙungiyoyin busa, na makarantu da na coci-coci da na Boys' Brigade, sau da yawa akwai wadda mota ta taka ko bakinta ya tsage, an jefa ta a lungu, alhali bawulolinta lafiya lau. In ka samu, ka saye ta ɗungurungum, kada ka ciri bawul kaɗai. Lanƙwasarta da zobbanta da tokare-tokarenta da bututun silaid duk za su yi maka amfani, kuma su ne abin da ya fi wuyar samu a Kaduna.

Iri biyu ne. Akwai fistin mai hawa da sauka, irin wanda François Périnet ya fito da shi a Faransa, akwai kuma mai juyawa da ake kira rota, wanda Jamusawa suka fi so. Ni rota nake zaɓa in da hali. Gajere ne, bakunansa a miƙe suke, ana iya dasa shi a tsakiyar bututu a ja masa hannu zuwa inda yatsa yake. Jera fistin na huɗu kusa da ukun don ƙaramin yatsa ya danna, wannan aikin masana'anta ne, kuma nan ne mutane suke garin gyaran gira su rasa ido. In fistin ka samu, bi tsarin tubar Ingila: uku a sama na hannun dama, na huɗu a gefe na hannun hagu.

Kafin ka biya kuɗi, auna faɗin rami. Zaro silaid na bawul na 2 na kayanka, sa ma'aunin baniya, wato ma'aunin ƙarfe na auna faɗi da kauri, a cikin ƙafarsa ta ciki, ka rubuta. Tuba kan faɗo tsakanin milimita 16 da 21. Sabon bawul ya zama daidai da wannan, ko ya fi shi da rabin milimita zuwa ɗaya. Kada ya gaza. Bawul ɗin yufoniyam, ƙaramar 'yar uwar tuba, ya yi ƙanƙanta, zai shaƙe kayan har muryoyin da ba ka danna komai ba, tun da iska ta cikinsa za ta riƙa bi kullum.

Kayan aiki

Ƙaramin tocin gas mai gwangwani, dalmar soda ta liƙe ƙarfe, sinadarin soda na ruwa mai sa dalma ta kama, zarto mai ƙananan haƙora, magagari, sanfefa mai laushi, siririyar wayar ƙarfe ta ɗauri, gudumar katako, tsumman auduga, bokitin ruwa, zare mai kauri, da waya mai manhajar auna murya. Galibinsu za ka same su a kasuwar Panteka ta Kaduna, kuma can ne za ka sami masu injin feƙe ƙarfe da za su yanko maka zoben tagulla daidai da awonka in na tsohuwar tubar bai shiga ba. Ka kai musu bututun da kansa, kada ka kai lamba a takarda.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: kada ka miƙa tuba ga mai walda. Ba raini ba ne, wutarsa ce ta fi ƙarfin aikin. Kaurin bangon bututun nan bai wuce rabin milimita ba sosai, tagulla kuma tana narkewa a wajen digiri 900 da ɗoriya, harshen wutar walda kuwa ya ninka haka sau uku. Dalmar soda mai kashi 60 kuza, 40 dalma, tana narkewa ƙasa da digiri 200, kuma da irinta aka haɗa zobba da tokare na kayan tun daga masana'anta. In kana neman hannun da ya saba, mai gyaran lagireto ya fi kusa da wannan aiki. Ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, dalma guba ce.

Inda za a dasa shi, da tsawon da za a yanka

Bi hanyar iska da yatsa: bakin busa, bututun baki, bawuloli uku, sannan babban silaid na daidaita murya, daga nan bututun ya fara buɗewa har zuwa faffaɗan baki. Wurin da kake nema shi ne tsakanin bawul na 3 da babban silaid, inda bututun yake miƙe kuma faɗinsa bai fara ƙaruwa ba. A wasu kayan babban silaid yana gaban bawuloli ne, to a nan sai ka nemi ɗan miƙaƙƙen wurin da ke bin bayan na 3 kai tsaye. In ka matsa can ƙasa inda bututun ya buɗe, bawul ɗin zai zama maƙogwaro a tsakiyar hanya.

Yanzu awo. Kada ka dogara da 184 ɗin da na faɗa, kowane kaya da nasa. Ɗauki zare, bi tsakiyar bututun bawul na 1 daga inda ya fita gidan fistin zuwa inda ya koma, silaid yana inda mai busa ya saba barinsa. Yi haka ga na 3. Haɗa su, ka ƙara kashi 8 cikin 100. A tubar E♭, ƙaramar, wadda tsawonta kusan mita 4 ne, amsar za ta faɗo wajen santimita 133. Duk abin da ka samu, ƙara santimita 5 na rara. Ragewa minti goma ne, ƙarawa kuwa sai an sake kunna wuta.

Sai ka yanki tiyon ruwa daidai wannan tsawon, ka zura waya a ciki don ya riƙe lanƙwasa, ka ɗaura bawul ɗin a wurinsa da salatif, ka gwada hanyoyin da bututun zai bi a jikin kayan. Wannan wasan yara ne a ido, amma shi ke ceton aiki. Kira mai busa ya zauna ya rungumi kayan yadda ya saba. Ina hannunsa na hagu yake sauka? Bututun ya tokare masa ciki? Sauran silaid suna fita ba tare da sun bugi sabon ba? Za a iya buɗe murfin bayan rota a sa mai? Na taɓa gama aiki tsaf, na goge, sai na tarar murfin ya manne da wata tokara, ba ya kwancewa. Tsohon da ya koya mini aikin, ɗan badujala ne da ya yi ritaya, ya dube ni ya ce, "Yaro, ka gina ɗaki ka manta ƙofa." Na ce, "Baba, ai sai a rushe." Ya ce, "Rushe mana, gas ɗinka ne." Kwana biyu na ƙara. Ka ɗauki hoton tiyon a wurinsa ta kowane gefe kafin ka cire.

Buɗe kayan

Cire fistin ukun, da sifirin da ƙyallayensu, da duk silaid, ka jera su a tire bisa tsari. Shi ma rota a fitar da cikinsa: kwance noti, cire hannun tsayawa, kwance murfin baya, sa ɗan sandan katako a kan sandarsa ka buga a hankali har faifan baya ya fito. Lura da ɗan zanen da ke gefen faifan, da shi za ka mayar. Cire toshe-toshen roba ko na kwalaba, wuta ba ta barinsu.

Auna tsawon bawul ɗin daga baki zuwa baki. Daidai wannan tsawon za ka cire daga bututun kayan, in ba haka ba tubar gaba ɗaya za ta sauka ƙasa da sauran ƙungiya, ka tura babban silaid har ƙarshe ba ta hau ba. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa.

In akwai zobe kusa da wurin, kwance shi ya fi yanka. Naɗe duk mahaɗan da ke kusa da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaure tokare da waya don kada su zame, sa sinadari, kaɗa wuta a kewayen zoben ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba. Da ka ga dalmar ta yi ƙyalli, murɗa ka ja. Goge tsohuwar dalma da tsumman auduga tun tana da zafi. Inda dole sai an yanka, naɗa takarda a kewayen bututun don layin ya miƙe, yanka da zarto a hankali, daidaita da magagari, ka kankare ƙaiƙayin da ya rage a ciki. Kada ka yi amfani da abin yankan bututun masu gyaran firiji, yana matse bakin ciki ya rage ramin. Ka sani kuma, fentin ƙyallin da ke jikin tagulla zai ƙone a inda wuta ta taɓa. Ka gaya wa mai kaya tun farko. Mai ruwan azurfa ya fi jure wa wannan.

Haɗa sabuwar hanya

Goge kowane baki da sanfefa har ya yi haske, ciki da waje, dalma ba ta kama datti. Sa bawul ɗin da zobbansa ba tare da soda ba, mayar da babban silaid, ka tabbata yana shiga yana fita ba gardama. In sai ka danna wani abu da ƙarfi kafin ya shiga, tsaya ka gyara. Gidan rota da aka haɗa a takure yakan ɗan karkace, cikinsa ya riƙa cijewa, kuma ba man da zai warkar da shi. In komai ya zauna da kansa, ɗaure da waya, sa sinadari, zafafa zoben ba dalmar ba, ka taɓa dalmar a bakin mahaɗa ta shige da kanta ta zagaye. Kaɗan ta isa. Wadda ta yi yawa ciki take zubowa ta daskare a hanyar iska.

Bututun santimita 184 ba guda ɗaya ba ne, gutsattsari ne: miƙaƙƙu, da lanƙwasa uku ko huɗu, da aƙalla silaid ɗaya da hannu zai iya kaiwa. Yi iya ƙoƙarinka ka tsara hanyar da lanƙwasar tsohuwar tubar za su wadatar. In dole sai ka lanƙwasa sabo, zafafa wurin har ya yi ja-ja a inuwa, bar shi ya huce, tagullar za ta yi laushi. Cika shi da abin da zai hana shi ƙullewa. Masu sana'ar na amfani da narkakkiyar dalma ko ƙaro, wasu masana'antu kuma ruwan sabulu suke daskarar da shi a ciki, amma da irin wutar lantarkinmu ban ba ka shawarar jiran ƙanƙara ba. Don lanƙwasa mai faɗi, busasshen yashi mai laushi da aka duddaƙa sosai aka toshe bakin biyu yana yi. Busasshe fa, haka ma bututun da za a zuba wa dalma, domin ɗigon ruwa ɗaya zai watso maka ita a fuska. Lanƙwasa a jikin katakon da ka sassaƙa daidai zagayen, sannu a hankali. Bututun jan ƙarfe na na'urar sanyaya ɗaki yana jan hankali don arha, amma ya cika laushi, kuma ba ka samun biyu da ɗaya zai shige cikin ɗaya daidai, don haka bai yi silaid ba.

Silaid shi ne inda ake gane hannu. Ƙafafunsa biyu dole su tafi a jere, tazarar sama daidai da ta ƙasa. Dabarar ita ce ka zura ƙafafun ciki a cikin na waje, ka auna tazarar da baniya a kai da gindi, ka sa tokara tsakanin na waje, sannan ka haɗa lanƙwasar a kan na ciki suna nan a zure. Kada dalma ko sinadari ya gangara tsakaninsu, in ba haka ba ka haɗe su har abada. Sa tokara aƙalla uku tsakanin sabon bututun da jikin kayan, musamman kusa da bawul, domin nauyin kada ya rataya a wuyansa. A lanƙwasar da ta fi kowace ƙasa in an riƙe kayan, huda ɗan rami ka dasa makullin zubar da ruwa. Bututu mai wannan tsawo yana tara ruwa sosai, balle da sanyin safiya.

Hannun dannawa kuwa, gajarta shi iya iyawarka. Ɗan faifan da yatsan hagu zai taɓa, sanda guda, sifirin mai mayarwa. Duk ƙarin gaɓa ƙarin ƙara ne da ƙarin abin da zai kwance a tsakiyar fareti.

Wanki, gwajin yoyo, da daidaita murya

Sinadarin soda yana cin tagulla in aka bar shi. Wanke cikin kayan da ruwan ɗumi da sabulu, bi da ɗan ruwan kanwa da aka tace sarai don ya kashe kaifinsa, sannan ka ɗauraye da ruwa mai yawa har sau uku. Shanya, sa mai, mayar da rota bisa zanensa. Leƙa ta ramin silaid da tocila ka ga ko ramin rota ya yi daidai da na bututu a buɗe da kuma a danne. In ya gota, yanka ko sauya toshen tsayawa har ya daidaita.

Toshe hanya bayan sabon bawul da ƙwallon roba ko tsumma a leda, danna na huɗu, hura, wani ya shafa ruwan kumfa a kowace mahaɗa. Inda ya yi ƙwai, a sake.

Sai murya. Busa na minti biyar tukuna kayan ya ɗumama, domin tuba mai sanyi ƙasa take, mai zafi kuma sama, kuma abin da ka daidaita da asubar hunturu ba shi za ka ji da azahar ɗin watan Afrilu ba. Fara da muryar da ba a danna komai, ka tabbata babban silaid yana zaune da 'yar rara ta kowane gefe. Daga nan ga gwajin da ko waya ba ka bukata: in muryar buɗe ta ƙasa ita ce do, busa so ɗin da ke samanta ba danne, sannan ka busa ita dai wannan so da bawul na 4. Su zama ɗaya. Tun da ka bar rara, ta biyun za ta fito ƙasa. Rage ƙafafun silaid santimita ɗaya-ɗaya, ka tuna kowane santimita a ƙafa biyu ne a hanyar iska, ka ci gaba har muryar ta daidaita alhali silaid yana waje da kamar santimita 2. Sannan gwada re da so ta ƙasa da bawul na 4, ka duba a waya.

Kada mai kaya ya zaci an gama da matsala duka. 2 da 4 ma suna ɗan hawa, kusan rabin abin da ukun ke yi, sai leɓe ya ƙarasa. Can ƙasa za ka sami muryoyin da da babu su sam: a tubar B♭, E♭ da 1, 2, 4, D da 2, 3, 4, D♭ da 1, 3, 4. C da huɗun duka tana fitowa amma a sama, B kuwa ba ta zuwa. Maganin wannan shi ne tsarin da David Blaikley ya yi wa kamfanin Boosey na Landan a shekarun 1870, inda iska ke komawa ta cikin bawuloli ukun ta ɗebi ƙarin bututu, kuma wannan ba abin da za a dasa wa tsohon kaya a shagon gyara ba ne.

A makon farko a riƙa ɗiga wa rota mai kullum, a sandar sama da ta ƙasa, kuma da ƙurar hunturu a rufe kayan da zane in ba a busawa. Akwatin ma a gwada shi kafin ranar tafiya. Sau da yawa sabon bututun kan hana murfi rufuwa, sai an yanke soso an sake liƙa ƙyalle a ciki.